Gasar Mutum-mutumi: Ta Wace Ƙofa Yaran Ƙauye Za Su Shiga?

Ranar da muka aika wa iyaye takardar neman izinin tafiya da 'ya'yansu gasar mutum-mutumi, wani dattijo ya iso makaranta bayan La'asar, ya jingine kekensa jikin darbejiya, ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Malam, ashe yanzu har gumaka kuke koya wa yara ƙerawa?" Na ce, "Baba, Allah Ya huci zuciyarka, shigo ka gani da idonka." Na sa ɗansa ya ɗauko abin daga kabad ya ɗora a tebur. Ɗan akwati ne da bai kai kwalin takalmi ba, da taya biyu, da wani ɗan hannu a gaba kamar cokali mai yatsu. Yaron ya danna maɓalli, abin ya kama bin baƙin layin da muka zana a farar takarda, ya sha kwana, ya tsaya cak. Dattijo ya jima yana kallo, can ya ce, "Wannan ai amalanke ce da ta rasa mai turawa." Ya dangwala yatsa a takardar. Amma kafin ya hau kekensa ya bar mini tambaya biyu: in sun je me za su samo, kuma wa ya ce su ne suka cancanci zuwa?

Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni kaina ba. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a wani ƙauyen Jigawa, mu da wutar gwamnati sai dai mu ga waya ta wuce ta kanmu, kuma tambayoyin nan biyu su ne duk wani shugaban makaranta ko uba zai yi kafin ya saki sisi. Zan fara da ta biyun, don ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Wanda ya san yadda musabaƙar Alƙur'ani take tafiya ya riga ya san rabin tsarin. Yaro ba ya tashi daga tsangayarsu ya faɗa Makka. Sai ya tsallake ta ƙaramar hukuma, ya tsallake ta jiha, ya je ta ƙasa wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, daga nan a zaɓi masu wakiltar Najeriya a waje. Gasar mutum-mutumi ma hawa-hawa ce haka. Inda suka bambanta shi ne ita ba gida ɗaya ba ce. Gidaje ne da yawa, kowanne da kayan aikinsa, da dokokinsa, da ƙofarsa, kuma nasara a wannan gida ba ta buɗe maka ƙofar wancan.

Gidan da ya fi suna shi ne FIRST, wanda wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Dean Kamen, ya kafa a 1989, aka yi gasarsa ta farko a 1992. A cikinsa akwai rukunin ƙananan yara da ake yi da kayan LEGO, ƙananan tubalan roba da ake harhaɗawa, wanda ya faro a 1998, akwai na matsakaita, akwai kuma na manyan injina masu nauyin buhun gero da 'yan sakandare ke haɗawa. Babban taronsu na duniya a birnin Houston na Amurka ake yin sa cikin watan Afrilu. A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke riƙe da gasar LEGO ɗin, ita ke shirya zagayen ƙasa. Sai gidan VEX, wanda taronsa na duniya ya yi shekaru a Louisville kafin ya koma Dallas a 2022, duka a Amurka. Sai World Robot Olympiad, da ake taƙaitawa WRO, wadda aka fara a Singafo a 2004, ita kuma yawo take yi: Jamus a 2022, Panama a 2023, Turkiyya a 2024, yawanci cikin Nuwamba. Akwai FIRST Global, inda kowace ƙasa ke tura tawaga ɗaya tak, a aika wa kowa akwatin kaya iri ɗaya don kada mai kuɗi ya fi talaka ƙarfe. A nahiyarmu ma akwai gasar Afirka da wani malamin jami'a ɗan Senegal, Sidy Ndao, ya assasa a Dakar.

Abin da ya kamata shugaban makaranta ya riƙe a nan ɗaya ne: kafin ka sayi ko taya, ka san gidan da za ka shiga da wanda ke riƙe da mabuɗinsa a Najeriya. Na ga makarantar da aka ba kyautar kayan wani kamfani, yara suka shekara suna atisaye, ranar rajista aka ce kayan ba su halatta a gasar da suke nufi ba.

To a cikin gidan, ta yaya ake samun gurbi? Yawancinmu muna ɗauka kamar dambe ne, wanda ya kayar da kowa shi ke tafiya. Ba haka ba ne, kuma a nan ne nake ganin ɗan ƙauye yake da rabo.

Ɗauki gasar LEGO. Ƙungiya yara biyu ce zuwa goma. Ana fitar da wasan shekara a watan Agusta: shimfiɗa ce a kan tebur, da ayyuka barkatai a kanta, tura wannan, ɗaga wancan, kai wannan can. Na'urar tana da minti biyu da rabi ta yi iya abin da za ta iya, ita kaɗai, da umarnin da yara suka rubuta mata tun farko. In ta ɓace hanya yaro ya sa hannu ya ɗauko ta a tsakiyar fili, an rage maki. Ana yin zagaye uku a ɗauki mafi kyau. Duk wannan hayaniya, wadda ita ake ɗauka a hoto, kashi ɗaya ce cikin huɗu. Sauran ukun a ɗaki ake yin su, gaban alƙalai: yara su bayyana yadda suka tsara na'urar da dalilin kowane zaɓi, su gabatar da wata matsala ta zahiri da suka bincika da maganin da suka ƙirƙiro mata, sannan a auna yadda suke aiki tare da yadda suke mu'amala da abokan karawa. Ƙungiya tana iya fin kowa maki a tebur ta dawo gida, wadda ta zo ta biyar ta wuce gaba, domin ita ta iya bayani kuma kowane yaro a cikinta ya san aikin.

Sauran gidajen ma suna da irin wannan ƙofa ta biyu. A VEX lambar yabo mafi girma ba ta wanda ya lashe wasan ƙarshe ba ce, ta ƙungiyar da ta haɗa ƙoƙari a fili da kundin aiki mai kyau da hira mai gamsarwa ce. Kundin aiki littafi ne da yara ke rubuta komai a ciki tun ranar farko: mun gwada kaza ya ƙi, mun auna mun ga kaza, mun canza zuwa kaza. A rukunin manyan injinan FIRST kuwa, lambar da suka fi girmamawa ana ba da ita ne ga ƙungiyar da ta fi yaɗa ilimin a garinsu, ta koyar da ƙananan makarantu, ta kafa wasu ƙungiyoyin, kuma wanda ya same ta a gasar yanki yana iya samun tikitin Houston ko da injinsa bai kai wasan ƙarshe ba. Littafi da biro dai ba sa buƙatar dala. Abin da suke buƙata malami ne da zai tsaya kan yara su rubuta gaskiyar abin da ya faru, har da kwaɓar da suka yi, ba a zauna daren tafiya a cika shafuka da tawada iri ɗaya ba. Alƙalan sun ga irin wannan sau ɗari.

Akwai kuma tsarin ƙawance, wanda ni ya fi burge ni don ya yi kama da gayya. A VEX da manyan rukunonin FIRST ba ka wasa kai kaɗai. A zagayen share fage kwamfuta ce ke haɗa ka da wata ƙungiya, ko biyu, ku kara da wasu. Wanda kuka yi ƙawance da shi da safe yana iya zama abokin karawarka da azahar. Bayan an gama, ƙungiyoyin da ke sama su ke zaɓar waɗanda za su shiga zagayen ƙarshe tare da su. Saboda haka ƙungiyar da ke can ƙasan jeri tana iya samun kira, in an lura na'urarta ta ƙware a abu ɗaya kuma ba ta mutuwa a tsakiyar wasa. Manyan ƙungiyoyi suna ware yara musamman su zauna a kujerun 'yan kallo da takarda suna rubuta wa ya iya me. Darasin ga mai ƙaramin ƙarfi a fili yake: kada ka haɗa na'urar da ke son yin komai. Haɗa wadda in an ce ta kai abu goma, goman za ta kai.

WRO tata ƙa'idar ta fi tsanani ga masu haddar wasa. Yara biyu ko uku ne da koci ɗaya, kuma in an shiga fili koci a waje yake tsayawa. Ana sauya wuraren kayan da ke kan shimfiɗa kafin zagaye, sannan a safiyar gasa a fito da wata sabuwar doka da ba wanda ya san da ita. Yaron da malaminsa ya rubuta masa umarnin ya ba shi ya haddace, a nan asirinsa ke tonuwa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: yawan gurbin da ake ba ƙasa a taron duniya na WRO yana da alaƙa da yawan ƙungiyoyin da suka shiga gasar cikin gida. Wato duk makarantar ƙauyen da ta yi rajista, ko ba ta ci komai ba, ta taimaka wajen faɗaɗa ƙofar ga ƙasar baki ɗaya.

Yanzu tambayar Baba ta farko, me za su samo.

Karonmu na farko a babban ɗakin gasa a Abuja, bayan kwana guda a mota, na'urar da ta bi layi sau ba adadi a ajinmu ta fita daga wurin farawa, ta yi taku kaɗan, ta kama juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Yarinyar da ke riƙe da ita ta dube ni, na dube ta, ni ma ban san dalili ba. Wani yaro daga rumfar da ke kusa da tamu, ɗan wata makarantar kuɗi, ya leƙo ya tambaye ta yaushe ta auna idon na'urar. Idon nan haske yake harbawa ƙasa ya karanta nawa ya dawo: fari ya mayar da yawa, baƙi ya mayar da kaɗan, sai a sa iyaka a tsakani. Mu a aji mai taga biyu muka sa tamu iyakar. A ƙarƙashin fitilun ɗakin nan, baƙin ma haske yake mayarwa fiye da yadda ta saba, sai take ganin ko'ina fari ne. Yaron ya nuna mata yadda ake sake aunawa a kan teburin gasa, ya yanko kwali ya yi wa idon 'yar rumfa, ya kuma ce ta riƙa goge tayoyin da ɗanyen tsumma kafin kowane zagaye, don ƙura tana sa su sulɓi, lissafin nisa ya rikice. Mu da muke atisaye cikin hunturu da ƙurarsa, wata uku muna zargin umarnin da muka rubuta, ashe taya ce. Minti goma bai cika ba ya koya mata abin da ni ban koya mata ba a zango guda, alhali zagaye na gaba da su za mu gwada maki.

Wannan hali ba tsautsayi ba ne, gina shi aka yi cikin gasar. Wani farfesa na jami'ar MIT ta Amurka, Woodie Flowers, wanda ya rasu a 2019, shi ya dasa wa FIRST aƙidar cewa ka yi takara da dukkan ƙarfinka amma ka taimaki abokin karawarka ya tsaya da ƙafarsa, kuma alƙalai suna lura da wanda ya ara wa wani batir ko sukurudireba. Shi ya sa nake cewa wanda ya je gasa ya zauna a kujerar 'yan kallo bai je ba. Karatun yana rumfunan gyara, inda kowace ƙungiya ta baje na'urarta a buɗe, kana iya durƙusawa ka ga yadda suka jera haƙoran giya, ka tambaya a ba ka amsa. Bidiyon intanet yana nuna maka na'ura tana aiki. Ba ya nuna maka ta lalace saura minti biyar a kira ku, da yadda yara 'yan shekara goma sha uku ke raba aikin gyara ba tare da sun zagi juna ba.

Riba ta biyu ita ce tsayuwa gaban alƙalai. Yaranmu sun saba malami ya tambaya su amsa da abin da ke cikin littafi. A can baƙo ne zai ce, me ya sa kuka sa taya babba ba ƙarama ba, kuma ba amsar da aka rubuta a ko'ina. Turanci yana ba su wahala, ba na musu. Amma na lura alƙali ya fi sauraron yaron da ke lalube da Turancinsa yana nuna abin da hannunsa ya yi, a kan wanda ya rero haddar da ba zai iya kare ta ba in an katse shi.

A ɓangaren binciken matsala kuwa, ɗan ƙauye ba shi da dalilin sunkuyar da kai. Jigon shekara yakan taɓa ruwa, makamashi, abinci, sufuri. Ɗan birni sai ya shiga intanet ya nemo matsala. Namu yaron da asuba aka tashe shi korar jan-baki a gonar shinkafa a fadamar Haɗeja, ya san yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyar ruwa, ya ga tumatir na ruɓewa a kwando a Kadawa saboda ba mai saye ba wurin ajiya. Yana da manoman da zai yi hira da su a ƙofar gidansu. Abin da ya rage masa shi ne a koya masa ya auna, ya ƙirga, ya rubuta. Wanda ke ganin sai 'ya'yan manyan birane ke iyawa ya tuna 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe a Ghana, waɗanda suka lashe gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan ta Amurka a 2019.

Sai dai ba zan ɓoye inda nake da ja ba. Tafiya ƙasar waje tsada gare ta, kuma cin gurbi ba ya nufin an biya maka jirgi. A yawancin gasannin nan ƙungiya ce ke neman kuɗin rajista, da tikiti, da masauki. Kayan ma da dala ake sayensu, dalar da a farkon 2023 take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin kai yara shida Amurka zai wadata makarantu da yawa da kayan aiki. A ganina zuwa gasar jiha da ta ƙasa wajibi ne ga duk ƙungiyar da ta kafu, ko za ta zo ta ƙarshe, domin ribar da na lissafa a sama kusan duk ana samunta a Abuja ko Kano. Ta duniya kuwa a je in an sami mai ɗaukar nauyi, amma kada a cinye kuɗin baɗi saboda ita. Na fi tsoron irin nasarar nan ta hoto: a dawo a kai yara gidan gwamnati, a yi musu kyauta, sannan a kulle akwatin kayan a ofis don kada su lalace, 'yan ajin baya ko taɓawa ba su yi ba.

Kuma abin da ke hana tafiya sau da yawa ba na'ura ba ce, takarda ce. A taron FIRST Global na farko a Washinton a 2017, 'yan mata shida na Afganistan sau biyu ana hana su biza, sai da maganar ta kai fadar shugaban Amurka aka bar su suka shiga. Tawagar Gambiya ma an fara hana ta kafin a ba ta. A ƙarshen taron kuma matasa shida na Burundi suka ɓace ba su koma gida ba, irin abin da ke ƙara sa jami'an biza taurin kai ga na baya. Mu nan tun kafin a kai ga biza akwai fasfo, shi kuma yana son lambar NIN, da takardar haihuwa, da yardar iyaye a rubuce. In akwai 'yan mata a tawaga, dole a tanadi malama da za ta raka su, in ba haka ba iyaye ba za su saki ba, kuma suna da gaskiya. Ga kalanda: wasan LEGO yana fitowa a Agusta, ana tsakiyar damina, makaranta na hutu, yara na gona, taron Houston yana faɗowa gab da jarrabawar WAEC, na WRO yana zuwa ana kaka. Ɗan birni yana da wata biyu na atisaye kafin namu ya ajiye fartanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kusan kullum a ranar muke fafewa.

Masu koyarwa ba su yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Akwai ɗaliban injiniya da na kwamfuta a Wudil, da Dutse, da Kazaure, da Jami'ar Bayero, da yawansu 'yan ƙauyukan nan ne da ke dawowa hutu. Mai gyaran waya na bakin kasuwa ya fi yawancin malaman kimiyya iya riƙe ƙarfen like waya. Farantin sola ɗaya ya isa cajin kwamfuta da batir. Tsohuwar Jihar Kano, tun Jigawa na cikinta, ta taɓa yin irin wannan yunƙuri da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta kwaso yara daga karkara, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su ƙirguwa. Abin da zai fi amfani yanzu shi ne makarantu huɗu ko biyar na ƙaramar hukuma ɗaya su haɗa tebur guda na gwaji, su riƙa karawa da juna duk wata, a ɗakuna daban-daban masu haske daban-daban, su gayyato baƙo ya yi wa yara tambayoyi.

A bana, kafin mu buɗe akwatin kaya, sai da na tara yaran ƙungiyarmu su bakwai na ce kowa ya kawo takardar haihuwarsa. Biyu ba su da ita sam. Uku kuma bayanin da ke jikinta ya saɓa da na rajistar makaranta: ɗaya an rubuta sunan kakansa a madadin na mahaifinsa, ɗaya an sa sunan garinsu, ɗayar kuma shekarar haihuwarta ta bambanta da shekara biyu, abin da zai iya fitar da ita daga rukunin shekarunta gaba ɗaya. Ranar kasuwa mai zuwa za mu shiga mota ɗaya da iyayensu zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, har da dattijon mai keke, wanda ya ce shi ma yana son a gyara nasa sunan tunda an zo.